ZARE: Kwamfuta ta fara yi wa makaho karatu tun 1986, to me ya hana shi aikin ofis a Sharada?

1/ Jama'a ku matso, yau tarihi za mu taɓa. Tarihin na'urori da manhajojin da mai lalurar gani yake aiki da su a kwamfuta: su wa suka ƙirƙiro su, yaushe, kuma don me. Daga nan mu dawo gida mu tambayi kanmu dalilin da ya sa ba ma ganin su a ofisoshin Sharada, Challawa da Bompai. Zaren da ɗan tsayi, a yi haƙuri. 🧵

2/ Wanda ya san Na'ibawa da sassafe ya san yadda titin Zariya yake cika. 'Yan lemo na sauke kaya, 'yan katako na buɗe rumfa, ma'aikatan kamfani na tsaye suna jiran adaidaita sahu zuwa Sharada ko Challawa. In ka hango makaho a cunkoson nan, galibi ɗan jagora ne a gabansa da ƙoƙo a hannu. Da wuya ka gan shi a layin masu tafiya aiki.

3/ Kuma fa ba mutum ɗaya ko biyu ake magana ba. Binciken lafiyar ido da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta makafi miliyan 1.13 a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama. Yanar ido ce kan gaba, sai hawan jinin ido. Arewa ta fi Kudu yawansu. Kashi 84 cikin 100 kuwa abin da ake iya karewa ne ko a yi maganinsa.

4/ Ku lura da shekarun: 40 zuwa sama. Wato da yawansu da idonsu aka haife su, sun yi makaranta, sun kama aiki. Ku ɗauki akawun da ya shekara 15 yana riƙe da littafin sito, hawan jinin ido ya yi ta cin ganinsa ta gefe-gefe ba ciwo ba komai, wata rana layin rubutu ya gagare shi. Shi ke nan sai sallama? Tambayar zaren ke nan.

5/ Kano tun asali ba ta watsar da makafi ba. Suna da sarautarsu, Sarkin Makafi, suna da unguwarsu, har yau ana cewa Makafin Dala. Sai dai sana'o'in da aka bar musu ba su taka kara sun karya ba: tufkar igiya, bege da waƙa, haddar Alƙur'ani ga wanda ya samu malami, sai bara wadda ita ce ta fi yawa.

6/ Ga Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Tun yana ƙaramin yaro ya rasa idonsa, amma ya tsara waƙar da har yau ake nazarinta a jami'o'i, ABU ma ta ba shi digirin girmamawa. Ƙwaƙwalwa dai lafiyarta ƙalau. Inda gizo yake saƙar shi ne takarda: sai wani ya rubuta masa, sai wani ya karanta masa.

7/ Da masana'antu suka zo, Bompai ce ta fara tun ƙarshen zamanin Turawa, Sharada da Challawa suka biyo baya da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970. Kamfanonin jimar fata, masaƙu, na roba, na man gyaɗa, na lemon kwalba. Kowanne da ofis, kowane ofis kuwa takarda ce zalla: leja, rasit, katin ma'aikata, takardar fitar da kaya a bakin get.

8/ A wancan lokacin in manaja ya ce wa makaho "ba mu da aikin ofis da za ka iya", gaskiya ya faɗa ko da akwai ɗaci. To yanzu mu bi sawu mu ga yadda aka yi ta zare wa wannan uzurin ƙafa sannu a hankali. Don ganin farkon labarin sai mun leƙa Faransa.

9/ An haifi Louis Braille a 1809 a wani ƙauye mai suna Coupvray, gabas da birnin Paris. Babansa baduku ne, mai ɗinka kayan doki. Yana ɗan shekara 3 yana wasa a shagon, basilla ta soke shi a ido, ciwon ya tsallaka ɗaya idon, duka suka tafi. Ɗan baduku fa, kamar dai ɗan Kano.

10/ A makarantar makafi ta Paris ya ci karo da wani rubutun ɗigo-ɗigo na Charles Barbier mai ɗigo 12, wanda ya yi wa kan yatsa faɗi. Braille ya rage shi zuwa ɗigo 6, yadda yatsa ɗaya zai shafa harafi gaba ɗaya a lokaci guda. Ɗigo shidan nan suna ba da alamomi 63. A 1824 ya gama tsarin, yana ɗan shekara 15. Ya wallafa a 1829.

11/ Abin mamaki, makarantar ba ta karɓi rubutun a hukumance ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa a 1852. Ɗalibai makafi sun daɗe suna amfani da abinsu, shugabanni masu ido ne suka yi ta jan ƙafa. Ku riƙe wannan, don za ku ga ya sake maimaituwa: kayan aiki suna riga izini isowa.

12/ Sai tafireta. Ɗaya daga cikin na farko-farko, wani Ba'italiye Pellegrino Turri ne ya haɗa ta wajajen 1808, don wata makauniya ta riƙa rubuta wasiƙa da kanta. Daga baya buga tafireta ba tare da kallon madannai ba ya zama sana'ar makafi a ƙasashe da yawa, tare da aikin haɗa layin tarho a manyan ofisoshi.

13/ Shafa kibod ɗinka yanzu, a kan F da J za ka ji ɗan tudu. Nan ake ajiye manuniya, daga nan sauran yatsu su san gidajensu. Duk ƙwararren mai buga rubutu ba ya kallon hannunsa. Ka ga ke nan shigar da rubutu a na'ura bai taɓa buƙatar ido ba. Karanta abin da ya fito shi ne ya rage.

14/ A nan gida, mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda yanzu ake kira na ECWA. Makarantar makafi ta farko a Najeriya an buɗe ta a Gindiri ta jihar Filato a 1953, Pacelli ta Legas ta biyo a 1962. A Kano muna da makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, ba nisa da Na'ibawa.

15/ A irin waɗannan makarantu ne za ka ga Perkins, na'urar buga rubutun Braille mai madannai shida na ɗigo, wadda ta fito a 1951 kuma har yau ana cin moriyarta. Hausa ma tana da nata rubutun Braille, har da alamomin ɓ, ɗ da ƙ. Larabci yana da nasa, shi ya sa ake da Alƙur'ani na makafi.

16/ Amma a wurin aiki Braille kaɗai bai warware matsalar ba. Oga ba ya karanta ɗigo, ma'aikaci ba ya karanta tawada. Rubutu iri biyu a ofis ɗaya, kowa nasa ya sani. Dole a nemo mai karantawa a tsakani, wato albashi biyu a kan aiki ɗaya. Ga kuma sirri: wa zai yarda na uku ya riƙa karanta takardar albashin ma'aikata?

17/ 1971, Amurka. Wani farfesa a Jami'ar Stanford, John Linvill, yana da 'ya makauniya. Shi da abokan aikinsa suka fito da Optacon: ka bi kan layin rubutu da 'yar ƙaramar kyamara, wasu ƙananan allurai su riƙa rawa a ƙarƙashin yatsanka suna zana siffar harafin. Karatun a hankali yake, amma makaho ya karanta takardar masu ido da kansa.

18/ Ranar 13 ga Janairu 1976 Ray Kurzweil ya nuna na'urar da ake ɗora mata littafi ta karanta shi da murya. Girmanta ya kai na injin wanki, kuɗinta wajen dala 50,000. Mawaƙin nan makaho Stevie Wonder shi ya sayi ta farko. Abin da wayarka take yi yau in ta ɗauki hoton takarda ta fitar da rubutun, jikan wannan na'urar ne.

19/ Yanzu mun zo kan ƙashin bayan labarin. A kamfanin IBM akwai masana lissafi biyu, Jim Thatcher da malaminsa Jesse Wright. Wright makaho ne. Suka duƙufa kan yadda kwamfutar tebur za ta riƙa furta abin da ke kan allonta. A 1986 manhajar karanta allo ta IBM ta kankama.

20/ Ku ji su wa suka fara amfani da ita: ma'aikatan IBM makafi, a cikin gida, kafin ta fita kasuwa. Wato tun ranar farko wannan fasahar kayan aikin ma'aikaci ce, kamar yadda sikeli yake ga mai awo. Kamfani ne ya ga yana da ƙwararru, bai ga dalilin da zai rasa su saboda ido ba.

21/ Yaya take aiki? A takarda harafi zane ne, sai ido. A cikin kwamfuta kuwa kowane harafi lamba ce a ajiye. Manhajar sai ta ɗauki lambar nan ta miƙa wa injin murya ya furta, ko ta miƙa wa allon Braille ya tura ɗigo sama. Shi ya sa kwamfuta ta fi takarda kirki ga makaho nesa ba kusa ba.

22/ To a wannan shekarar ta 1986 mu me muke ciki? Gwamnatin Babangida ta kawo SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injina da ɗanyen kaya daga waje suka yi tsada. Ga matsalar wuta. Daga nan har shekarun 2000 kamfanoni suka yi ta rufewa a Kano, musamman masaƙu. Masu ido ma sallamar su ake yi, wa yake ta makaho?

23/ Wannan saɓanin lokaci yana da muhimmanci. A daidai shekarun da duniya take koyon yadda ake riƙe ma'aikaci makaho, masana'antunmu suna fama da yadda za su rayu ne kawai. Darasin gaba ɗaya ya wuce mu. Manajoji da yawa na yau sun taso ba su taɓa jin kwamfuta tana magana ba.

24/ Mu koma can. Ted Henter Ba'amurke ne mai tseren babur, har gasar duniya yana shiga. A 1978 ya yi hatsarin mota a Ingila ya rasa idanunsa. Ya koma ya koyi rubuta manhaja. A 1987 suka kafa kamfani da Bill Joyce, shi ma makaho, a 1989 suka fitar da JAWS.

25/ Sunan JAWS taƙaitawa ce, ma'anarsa da Hausa: samun damar aiki ta hanyar murya. Kalmar farko a sunan ma "aiki" ce. Wanda ya rasa sana'arsa a dare ɗaya ya san abin da ya fi damun mutum bayan ido: abin da zai kai gida da yamma.

26/ Sai ga wata sabuwa. Kwamfutocin farko rubutu ne zalla a baƙin allo, karanta su da sauƙi. Da Windows ta mamaye ofisoshi a farkon shekarun 1990, komai ya koma hoto da linzami: nuna nan, danna can. Makafin da suka samu aiki da ƙyar suka ga yana neman suɓuce musu. An ci gaba, an bar su a baya.

27/ Ƙungiyoyin makafi a Amurka suka taso Microsoft a gaba. JAWS ta Windows ta fito a 1995. A 1997 Microsoft ta fitar da hanyar da kowane maɓalli a allo zai iya faɗa wa manhajar karatu sunansa da aikinsa. Windows 2000 ta zo da Narrator a cikinta. Apple ta sa VoiceOver a kwamfutocinta a 2005.

28/ Kar ku ɗauka tausayi ne ya motsa su. Doka ce da kasuwa. Dokar Amurka ta 1990 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su yi wa mai lalura gyaran da ya dace a wurin aiki. Gyaran doka na 1998 ya sa hukumomin gwamnatin tarayyarsu sayen fasahar da mai lalura zai iya amfani da ita. Mai son kwangila dole ya gyara kayansa.

29/ Saura katanga ɗaya: kuɗi. Lasisin JAWS na wurin aiki ya haura dala 1,000, wani lokaci ya fi kwamfutar kanta tsada. In ba ka biya ba, minti 40 take yi ta yi shiru, sai ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Ku auna wannan a ofishin da ake lissafin man janareta.

30/ A 2006 wani matashi makaho a Ostireliya, Michael Curran, ya ce bai ga dalilin da makaho zai biya ƙarin kuɗi kafin ya taɓa kwamfutar da kowa yake taɓawa ba. Ya fara rubuta NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo. Suka sake ta kyauta, kowa ya sauke, mai iyawa ya ƙara mata gyara.

31/ NVDA tana aiki da Word, Excel, imel da burauza. An fassara ta zuwa harsuna fiye da 50. Tana hawa filash, ka soka a kowace kwamfuta mai Windows ta fara magana ba sai an girka ta ba. Tun 2006 ke nan maganar "kayan sun yi tsada" ta fara zama tatsuniya.

32/ Waya ma haka. GSM ta shigo Najeriya a 2001, sannu a hankali aikin haɗa layin tarho ya mutu, ɗaya daga cikin 'yan ayyukan ofis da aka san makafi da su. Wayar shafa ta zo, gilashi sumul ba maɓalli, aka sake shiga fargaba. A 2009 iPhone 3GS ta zo da VoiceOver, Android ta samu TalkBack a shekarar.

33/ A 2015 wani ɗan Denmak mai raunin gani, Hans Jørgen Wiberg, ya fito da Be My Eyes: ka kira ɗan sa kai ta bidiyo ya duba maka abu. A 2017 Microsoft ta saki Seeing AI mai karanta takarda da bayyana hoto, cikin jagororin aikin akwai injiniyanta makaho Saqib Shaikh.

34/ Ku sake duba sunayen: Braille, Wright, Henter, Joyce, Curran, Teh, Wiberg, Shaikh. Dukkansu masu lalurar gani ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu a nan mun saba kallon makaho a matsayin mai karɓa, alhali tarihin fasahar nan kusan duk na makafin da suka gina abinsu ne da hannunsu.

35/ To mu dawo kan akawun siton nan na Sharada. Me yake buƙata yau don ya ci gaba da aikinsa? Kwamfutar da dama take kan teburinsa, NVDA, da iyafis na kasuwar Farm Centre. Sai 'yan makonni ko watanni na koyon aiki da kibod zalla ba linzami. Babban jarin lokaci ne da haƙuri.

36/ A Excel, in ya danna kibiya manhajar za ta faɗa masa inda yake da abin da ke wurin: B7, buhu 250. Ya sauka ƙasa, B8. Ya shigar da lissafi ta karanta masa jimla. Imel ta faɗi mai aikowa da take. Waɗanda suka goge suna ƙara saurin muryar har kai mai ido ba za ka tsinci kalma ɗaya ba, wallahi.

37/ Wanda yake da sauran gani kuma, kuma su ne suka fi yawa, sau da yawa ƙara girma kawai yake so. Danna maɓallin Windows da alamar + tare, allo zai kumbura. A juya launi ya zama farin rubutu a kan baƙi, a sa babban allo, a matsar da teburin daga hasken taga. Ƙara girman da juya launin duk a cikin Windows suke, ba ko sisi.

38/ Mu faɗi gaskiya, akwai aikin da ba zai yiwu ba. Ba zai tuƙa motar ɗaga kaya ba, ba zai tantance launin fata a Challawa ba, tsayawa kan injin yanka ma kasada ce. Amma lissafin albashi, karɓar odar dillalai, amsa kiran kwastomomi, rubuta wasiƙu, bibiyar kayan sito, sayayya? Duk aikin kai ne da kibod.

39/ To in haka ne ina matsalar take? Na farko, yadda muke mu'amala da takarda. A ofisoshinmu sai a rubuta da biro, a ɗauki hoto a karkace, a tura ta WhatsApp. Ko a buga a kwamfuta, a fitar a firinta, a sake ɗaukar hotonsa. Rubutun da ya zama hoto, ga manhajar karatu, bango ne. An mayar da shi 1970.

40/ E, akwai manhajojin da ke ciro rubutu daga hoto, suna ƙoƙari a kan bugun na'ura mai kyau. Amma rubutun hannu a kan kwafin kabon da mai ya taɓa, 1 ta koma 7, a harkar kuɗi wannan rigima ce. Maganin mai sauƙi ne: a tura fayil ɗin asali, a buga saƙo a matsayin rubutu.

41/ Na biyu, manhajojin da ake rubuta wa kamfanoni a gida, na sito da na albashi. In mai rubutawa bai sa wa maɓallai suna ba, abin da makaho zai ji shi ne "maɓalli, maɓalli, maɓalli", bai san na ajiyewa ba bai san na gogewa ba. Ƙa'idojin gyara wannan suna nan tun 1999, WCAG. 'Yan uwana masu karanta kwamfuta, wannan namu ne.

42/ Na uku, harshe. Muryoyin da aka fi samu na Turanci ne, Larabci, Faransanci da makamantansu. Ba wa muryar Turanci saƙon Hausa ka sha dariya: "ci" ta koma "si", "ts" ta rikice, in ta zo kan ƙ ko ɗ wata ta tsallake, wata ta tsaya tana faɗin sunan harafin. Kasuwancin Kano kuwa rabinsa da Hausa ake rubuta shi.

43/ Gina muryar Hausa yana da nasa wuya, don boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, furucinsu daban. Sai na'ura ta fahimci jimla kafin ta san wanne ne. A 2023 Meta ta saki muryoyin gwaji na harsuna sama da 1,100 har da Hausa. Kai irin wannan cikin laftof ɗin ma'aikaci, ya yi sauri ba intanet, aiki ne da ke jiran masu yi.

44/ Na huɗu, koyarwa. Yaro ya iya Braille a makaranta, madalla, amma kasuwar aiki kibod take tambaya. Wanda kuma ya makance da girma ba ɗan makaranta ba ne, ina zai je ya koya? BUK tana da sashen nazarin ilimin masu buƙata ta musamman, ga cibiyoyin koyon kwamfuta birjik a gari. Haɗa biyun nan bai fi ƙarfinmu ba.

45/ Na biyar, kuma shi ne babba: zato. Mai ɗaukar aiki ya ga sanda, kafin a buɗe baki ya gama yanke hukunci. Wani ma da kyakkyawar niyya zai zaro dubu ɗaya ya miƙa, ya ce Allah Ya kawo sauƙi. Mutum ya zo da digiri neman aiki, an sallame shi da sadaka. Rashin sani ya fi dare duhu.

46/ Doka fa tana nan. A Janairu 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu lalura bambanci. Ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta sa tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna bambanci, mutum ɗaya kuma 100,000 ko ɗaurin wata 6. A 2020 aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa.

47/ Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marakesh a 2017, wadda ta ba da damar mayar da littattafai zuwa sigar da makaho zai karanta. A shekarar JAMB ta kafa kwamiti na musamman don masu lalura, ana yi wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban, Kano na ciki. Wato masu digirin suna tafe, kowace shekara ana ƙaruwa. Ina za su?

48/ Ga masu kamfani, lissafin a fili yake. Ma'aikacin da ya shekara 15 ya san kowane dillali, ya san wanda ke biya da wanda ke ja, ya san inda kaya ke ɓacewa. Ka sallame shi ka ɗauko sabo, shekara nawa kafin ya kai nan? Manhajar kyauta ce. Kafin a rubuta takardar sallama, a ba shi wata uku da mai koyarwa a gani.

49/ Mu kuma da ke nan, ga abin da ba ya cin kuɗi. In za ka ɗora hoto, cika gurbin bayanin hoto, akwai masu bin ka da kunne. In sanarwar aiki ce ko ta ɗaurin aure, rubuta ta a saƙo, kar ka bar ta a cikin hoto kaɗai. Rage jera emoji goma, don ɗaya bayan ɗaya ake karanta musu sunan kowanne. 😅

50/ Gwaji: a Windows danna Ctrl, maɓallin Windows da Enter tare, Narrator zai tashi. Rufe ido minti 10 ka nemi imel ɗaya ka amsa. Haka za ka sake dannawa ka kashe shi. A Android kuma TalkBack yana cikin saitin waya, amma ka koyi kashe shi tukuna, don taɓawa ɗaya zaɓi ce, biyu ce buɗewa. Kar a zo ana zagina. 😂

51/ In kana da ɗan uwa da ganinsa ya fara raguwa, abu biyu a tare. Asibiti da wuri, don yanar ido ana cire ta, hawan jinin ido kuma ana iya tsayar da ɓarnarsa amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Sannan ya fara koyon kibod da manhajar karatu tun da sauran gani, ya fi sauƙi sosai.

52/ Rubutun Braille ya jira shekara 30 kafin masu ido su sa masa hannu. NVDA tana nan kyauta tun 2006, ku lissafa da kanku shekara nawa muka ci a cikin namu jiran. Wanda ya san manaja, ko mai kula da ma'aikata, ko mai rubuta wa kamfani manhaja a Sharada, Challawa ko Bompai, ya tura masa zaren nan. Masu amfani da NVDA, JAWS ko TalkBack a cikinmu kuma, filin naku ne, ku faɗa mana abin da ya fi ci muku tuwo a ƙwarya a wurin aiki. Allah Ya sa mu dace. 🙏🏾